Yadda ake gwada furotin mai hana tsiron jijiyoyin jini a cikin ƙwan kaza

Ƙarin ciwon daji ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi. Judah Folkman, wani likita ɗan Amurka, ya kawo wannan tunani a 1971, kuma a ɗakin bincikensa aka gano anjiyostatin a 1994 da endostatin a 1997, furotin biyu da jiki ke yi da kansa masu dakatar da wannan tsiro. Hanya mai arha ta gwada irinsu ita ce tantanin da ke lulluɓe ɗan tsako a cikin ƙwai.

A samo ƙwai masu zakara, a goge su da barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70, a sa a injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 37.5, danshi kusan kashi 60. A rana ta 3 a zuƙe farin ƙwai mililita 2 zuwa 3 da sirinji ta ɓangaren tsinin, don tantanin ya rabu da ɓawo. Sai a yanke taga mai faɗin santimita 1, a liƙe ta da tef. A fara da ƙwai fiye da buƙata, wasu za su mutu.

A rana ta 7 ko ta 8 a ɗiga furotin a kan ƴar takardar tacewa, a bari ta sha iska, a ɗora ta tsakanin manyan jijiyoyi. Wasu ƙwai su sami ruwan gishiri kawai don kwatance. Bayan awa 48 zuwa 72 a ɗauki hoto a ƙirga rassan jijiyoyin da ke kewaye da takardar. Mai ƙirgar kada ya san wane ƙwai ne ya sami me.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen yankan taga. Garin ɓawo in ya faɗa kan tantani yana kawo kumburi, kumburi kuma yana tsiro da jijiyoyi, sai furotin mai aiki ya zama kamar ba ya yi. In da bakteriyar E. coli aka samar da furotin ɗin, gubar ƙwayar da ta rage cikinsa ma haka take yi, don haka a auna ta tukuna. Endostatin ɗin da aka yi da wannan ƙwaya yakan dunƙule ya ƙi narkewa. Wanda aka yi da yis ya fi sauƙin aiki. Kada a jinkirta gwajin, domin bayan rana ta 11 tsiron jijiyoyin tantanin yana lafawa da kansa.