Kafin ka fesa wa fulawarka magani, juya ganyen tukuna

Yawancinmu da mun ga ganyen fulawa ya nannaɗe ko ya yi rawaya sai mu ruga shagon maganin gona. To dakata malam, ba kowace lalacewa ba ce aikin ƙwari, wani lokacin ruwa ne ya yi yawa a tukunya saiwa ta fara ruɓewa. Da sassafe ka je ka juya bayan ganyen, can ƙwarin suke ɓuya.

In ka ga ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe sun taru a kan toho da sabon ganye, ganyen yana danƙo, tururuwa na ta hawa da sauka, darɓa ce. Ita tururuwar, zaƙin da suke fitarwa take sha, har gadinsu take yi. In kuma wani farin abu ne kamar auduga a maƙale a gaɓar reshe, wannan ƙwaron yana son hibiskus sosai, kuma yana da taurin kai. Lokacin hunturu da bazara kuwa, in ganyen wardi ya yi ɗige-ɗige, ya koɗe, ga siririyar yana a ƙasansa, jan gizo-gizo ne, ƙanana ƙwarai, kaɗa ganyen a kan farar takarda za ka ga suna motsi. Huji a ganye da baƙin kashi a ƙasa tsutsa ce, ita wannan tsince ta kawai da hannu.

Magani na farko ruwa ne, ka watsa da ƙarfi a bayan ganyen, gizo-gizon nan ba ya son laima ko kaɗan. Reshen da ya cika da su yanke shi ka ƙone, kar ka yar a gindin shukar. Sai ruwan sabulu, ƙaramin cokali 1 zuwa 2 a lita ɗaya, amma don Allah ban da omo, ƙona ganye yake. Ni dai a wajena babu kamar 'ya'yan darbejiya, ka daka busassu wajen giram 50, ka jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗiga sabulu kaɗan don ya kama ganye. Gwada a ganye biyu-uku tukuna, in washegari ba su ƙone ba sai ka fesa duka, da yamma in rana ta yi sanyi, ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 saboda ƙwai na ƙyanƙyashewa.

In abin ya gagara har sai ka sayi na kanti, faɗa wa mai shagon takamaiman ƙwaron. Magungunan ƙwari irin su cypermethrin ba su cika yi wa gizo-gizon nan komai ba, ƙara shi ma suke don suna kashe ƙwarin da ke cinsa, maganin da ake kira abamectin ake nema. Bi awon da ke jikin kwalbar, rufe hanci, kar ka fesa kan buɗaɗɗen fure saboda ƙudan zuma, sannan ka hana yara da awaki zuwa wajen.