Kafa duro a ƙarƙashin indararo kafin damina ta kankama

Jama'a, in kuna da ɗan lambu a gida, ku nemi duro mai cin lita 200 ku kafa shi a ƙarƙashin indararo. Ku ɗaure bakinsa da ragar da ake sa wa taga. Shi ke nan.

Ga lissafin: ruwan milimita 1 a kan kwano mai faɗin murabba'in mita 1 lita 1 ne. In rufin ɗakinka ya kai murabba'in mita 20, ruwan milimita 10 ya cika maka duro. A nan Zariya, a Agusta, ruwan dare ɗaya kan yi hakan.

Ragar nan kada ka raina ta. Ita ke tare ganye da tsakuwa, kuma ita ke hana sauro yin ƙwai a ciki. Shekarar farko na bar nawa a buɗe a Tudun Wada, sai da maƙwabta suka fara yi min magana.

Ruwan farko na damina, bar shi ya zube. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye yake wankowa.

Kada ka sayi duron da aka taɓa zuba mai ko sinadari, komai arharsa.

Inda dabarar ba ta aiki: rani. Duro ɗaya ba zai kai ka Maris ba. Amfaninsa yana lokacin da ruwa ya yi fashi a Mayu da Yuni, sai kuma Oktoba in damina ta ja baya alayyafo da tumatir ba su gama ba. Kwanakin nan ne kuɗin 'yan garuwa ke zama a aljihunka.