Kurakuran da ɗalibai ke tafkawa a darasin adabi da muhalli

Duk zangon karatu kurakurai iri ɗaya nake gani a takardun masu ɗaukar darasin adabi da muhalli, har biron jana ya fara ƙarewa.

Babbansu shi ne a ba ɗalibi waƙa ya yi nazari, sai ya ture ta gefe ya cika shafi huɗu da bayanin sare itatuwa, kwararowar hamada da ɗumamar yanayi. Haba! Wannan ai aikin 'yan sashen labarin ƙasa ne. Ina salo, ina zubi da tsari? An ba ka littafin waƙoƙi The Eye of the Earth na Niyi Osundare, wanda ya fito a 1986. Kowa ya san daji na ƙarewa tun kafin ka faɗa. Abin da malami ke jira shi ne ka nuna yadda mawaƙin ya sa duwatsun garinsu Ikere suka zama masu rai a baiti, da abin da ya ɗauko daga waƙar baka ta Yarbawa. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini maki mai tsoka lokacin ina ɗalibi, shi ya sa ba na ɗaga ƙafa a kansa. Ni dai al'adata, duk sakin layin da na rubuta babu baiti ko jimla daga littafin a cikinsa, soke shi nake yi, komai daɗinsa.

Sai masu ganin maganar muhalli ta fara daga Neja Delta, a can kuma ta tsaya. Tabbas sai an karanta gwagwarmayar al'ummar Ogoni da marubuci Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin Abacha ta rataye tare da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. Amma ɗan Gusau ya zauna yana kwatanta malalar man da bai taɓa gani ba, ya tsallake gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010? Wai babu littafin da zai dogara da shi. To waƙoƙin noma fa, da kirarin mafarauta, da tatsuniyoyin da rabinsu a dawa suke faruwa? Tsofaffin da suka ga farin da aka yi a 1973 suna nan da ransu. Ɗauki wayarka ka je wurin kakarka ka naɗo, lalaci ne kawai.

Kada ka fassara waƙar Hausa zuwa Turanci sannan ka nazarci fassararka. Amsa-amon ya riga ya zube a hanya. Ba kowace kuka ko tsamiya a labari ce alamar rayuwa ba, wata inuwa ce kawai ake sha. Ma'anar ra'in nazari (theory) da ka kwaso daga intanet kuwa, malami ya karanta ta a takardun 'yan ajinku kafin ya iso taka.

Jimlar nan ta "marubucin yana wayar da kan jama'a" ma ta isa haka. Faɗa mana gonar wa aka ƙwace a labarin, wa ya ci riba, kuma bakin wa marubucin ya bari ya ba da labarin.