Pizar Detroit a Kan Giril: Ku Karanta Takardar Haya Kafin Ku Hura Gawayi

Wanda ya sauka a jihar Michigan ba ya yin wata guda sai an ajiye masa wata piza mai kusurwa huɗu, mai kauri kamar burodi, gefenta ya yi ƙanzon cuku, miyar tumatir kuma an ja ta layi-layi a sama. Ita ce pizar Detroit. An fara yin ta a 1946 a shagon Buddy's Rendezvous na Gus Guerra, kuma tiren da aka fara gasa ta a ciki irin na ƙarfen nan ne da ake zuba ƙananan kayan mota a masana'antun garin. Yaranmu da zarar sun ɗanɗana sai su tasa iyaye a gaba. Ta shago tana da tsada ga mai iyali, sannan jan naman da ake jerawa a kai, wanda suke kira pepperoni, yawancinsa da alade a ciki. Saboda haka gidaje da yawa suka koma yin ta da kansu, kuma lokacin zafi, da babu mai son kunna oben ya mayar da gida tanderu, sai a fita da ita waje kan abin gashi mai murfi, wato giril.

Alhamdu lillahi, mutanenmu ba a gaya musu wuta da nama. Ranar sallah ko suna, duk inda Bahaushe ya tsaya kan gashi sai maƙwabta sun leƙo. Sai dai wannan gwanintar ce ke kayar da sabon zuwa. Yana ganin giril sai ya ɗauka tukubar mai tsire ce, ya sayo, ya kafa a baranda, ya hura. A nan ake fara asara, tun kafin a taɓa fulawa.

Idan gidan haya kuke, musamman irin manyan gine-ginen nan masu ɗakuna da yawa, ku ɗauko takardar hayar da kuka sa wa hannu ku karanta ta daga farko har ƙarshe. Mafi yawanmu ba ma karantawa, ɗan'uwan da ya raka mu ne ke nuna mana wurin sa hannu. To a cikinta sau da yawa akwai sakin layi a kan giril, kuma ko babu, garuruwa da yawa a Amurka suna bin dokar kashe gobara da ta hana kunna gawayi ko buɗaɗɗiyar wuta a barandar katako, ko a wurin da bai kai ƙafa 10 daga ginin da zai iya kamawa ba, wato kusan mita 3. Gidan da iyali ɗaya ko biyu ke ciki yawanci an keɓe shi daga wannan doka, amma mai gida yana iya sa nasa sharaɗin, kuma sharaɗin da kuka sa wa hannu ya hau kanku. Kada ku ce ai na ga maƙwabcina yana yi. Wataƙila nasa na lantarki ne, wataƙila kuma takardar gargaɗi na kan hanyar zuwa gare shi. Ku tambayi ofishin masu gidan, kuma ku tambaya a rubuce, ta imel ko saƙon waya, ku adana amsar. Maganar baki da mai share tsakar gida ba ta kare kowa ranar da aka zo lissafi.

Lissafin kuwa ga yadda yake zuwa. Gidajen nan ba na bulo da siminti ba ne irin namu. Katako ne, kuma da yawa an lulluɓe bangonsu ta waje da wata roba mai kama da alluna. Giril da aka rufe ya kai zafin gasa piza, idan yana kusa da bango, sai robar ta lanƙwashe ta narke, ba tare da harshen wuta ya taɓa ta ba. Ba za ku lura ba sai washegari. Kuɗin gyaran daga kuɗin ajiyarku za a cire. A Michigan doka ta bar mai gida ya karɓi ajiyar da ta kai hayar wata ɗaya da rabi, ku duba irin abin da ke iya tafiya saboda piza guda. Shi ya sa takardar duba lafiyar gida da ake ba ku ranar shiga, wadda ake so ku cike ku mayar cikin kwana 7, ba takardar banza ba ce. Idan bangon baya yana da tabon ƙuna tun kafin ku zo, ku rubuta, ku ɗauki hoto. In ba haka ba, ku da aka gani da giril za a ɗora wa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne dabarar da sanyi ke koya wa mutane: a shigo da giril gareji, ko ɗakin ƙasa, ko kicin, a ce ai an buɗe taga. Don Allah kada ku yi. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana jin ciwon kai da kasala ne kawai ya kwanta, kuma tana kisa. Ko garwashin da ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita. A gida mun saba da tsakar gida a buɗe, iska na ratsawa. Gidajen nan an toshe su ne ruf don kada zafi ya fita. Tukunyar gas ta giril ma ba a ajiye ta a cikin gida. Na'urar nan da ke kuka idan ta ji hayaƙi kuma, kada a cire mata batir don tana damun mai girki. Idan an hana ku giril, oben ɗin da ke kicin yana yin wannan piza sarai: ku kai zafinsa 500 a ma'aunin Amurka, ku sa tiren a ragar ƙasa, minti 12 zuwa 15. Ba abin kunya ba ne.

Wanda yake da fili da izini, sai mu je ga aiki.

Tire ya zama na ƙarfe, mai duhu, mai zurfi, inci 10 da 14. Idan babu, tiren kek na ƙarfe mai inci 9 da 13 zai yi. Na gilashi yana fashewa a kan giril, na dalma mai laushin nan da ake yarwa bayan biki kuma ba ya riƙe zafi, ba zai ba ku ƙanzo ba.

Ku sayi ƙaramin sikeli, ku daina awo da kofi. Fulawar burodi giram 300, ruwa mai ɗumi-ɗumi giram 220, yis mai saurin tashi giram 5, gishiri giram 6. Ruwan kada ya wuce ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi, mai zafi yana kashe yis. A haɗa, a bar shi minti 10, sannan a murza kamar minti 10 har ya yi santsi. Kwaɓin zai riƙa manne wa hannu, kuma a nan ne kusan kowa ke ɓata shi: sai a ga ya yi ruwa, a dinga ƙara fulawa har ya koma na cincin. Ku bar shi haka. Ruwan nan shi ne ke sa cikin pizar ya yi ramuka, ya yi laushi kamar masa mai kyau. Ku jiƙa hannu da ruwa ko mai maimakon ƙara gari. A rufe ya tashi awa 2. Idan gidan da sanyi, a sa shi cikin oben a kashe, a kunna ƙwan fitilar ciki kawai. Wanda ya kwana a firij ya fi daɗi, amma a fito da shi awa 2 kafin aiki.

A zuba man zaitun cokali 2 a tire, a shafe har bangonsa. A sa kwaɓin a danna da yatsu. Zai ƙi kaiwa kusurwa, yana ja da baya kamar roba. Kada a yi kokawa da shi ya yage. A rufe, a ba shi minti 30, a dawo za a ga ya saki jiki, sai a kai shi kusurwoyi huɗu, a sake ba shi wani rabin awa.

Miya ba ta da wahala. Gwangwanin markaɗaɗɗen tumatir babba, mai kusan giram 800, da tafarnuwa, gishiri, ɗan sukari da busasshen ganyen oregano, a dafa rabin awa har ta yi kauri. Rabinta ya ishi tire ɗaya. Ba miyar shinkafa ba ce, kada a cika ta da mai.

Cukun asali shi ne wanda ake kira brick, na jihar Wisconsin, giram 340, a yanka shi ƙanana kamar kan yatsa. Inda ba a same shi ba, a haɗa mozzarella mai tauri da Monterey Jack rabi da rabi. Mozzarella ɗanye da ke zuwa cikin ruwa yana jiƙa piza, wanda aka riga aka goge a leda kuma an barbaɗa masa gari don kada ya dunƙule, ba ya narkewa yadda ake so. Abin da ya bambanta wannan piza da sauran shi ne cukun yana kaiwa har jikin tire, ba a barin gefe fili. Wanda ya taɓa ƙarfen shi ne zai soyu ya zama ƙanzon nan da yara ke rububi a kai. Pepperoni na naman sa na halal ba ya wuyar samu a shagunan Dearborn da Hamtramck, garuruwan da ke maƙwabtaka da Detroit. A jera shi a kan kwaɓi, cuku ya hau kansa, miya ta zo a ƙarshe, layi uku a tsaye. Miyar tana sama ne don kada ta jiƙa kwaɓin ya ƙi gasuwa. Mai son niƙaƙƙen nama ya soya shi tukuna. Albasa da tattasai a yanka siriri, kaɗan, don ruwa suke fitarwa. Yajin tsire kuwa sai an sauke, domin ƙuli-ƙulin da ke ciki yana ƙonewa ya yi ɗaci.

Yanzu wuta, inda hannun mai tsire ke yaudarar sa. Tsire yana son garwashi a ƙarƙashinsa kai tsaye. Wannan piza ba ta so. Idan aka ɗora tire a kan garwashi, cikin 'yan mintuna ƙasan ya zama gawayi, sama kuma cuku bai ko narke ba. Ku tuna yadda ake gasa kek a tukunya a gida: a zuba yashi a ƙasa ya tare wuta, a rufe, wani lokaci a ɗora garwashi a kan murfi. Abin da ake so giril ya zama ke nan, tanderu mai zafi ta ko'ina, ba murhu ba.

A giril na gas mai kan wuta uku, a kunna duka, a rufe minti 15 zuwa 20, sannan a kashe na tsakiya a bar na gefe biyu, tiren ya zauna a tsakiya. A na gawayi, a bari ya kama har ya yi farin toka, a raba garwashin gida biyu, hagu da dama, tsakiya fili, ƙofofin iska na sama da na ƙasa a buɗe. Kada a hura da man kunna gawayi, kwaɓi yana shan warinsa. Idan akwai dutsen gasa piza, a sa shi a tsakiya tun farko ya yi zafi tare da giril. Idan babu, a kifa wani tsohon tire a ɗora na pizar a kai. Ɗaga shi sama kaɗan yana nisanta shi da wuta, yana kuma kusanta shi da zafin murfi.

Zafin da ake nema 475 zuwa 500 ne a ma'aunin Amurka, wanda yake daidai da kusan 245 zuwa 260 a ma'aunin da muka saba da shi. Ku kula da wannan, don an sha ganin wanda ya karanta 250 a wani wuri ya tsaya a 250 na nan, wanda ko ruwan kwaɓin ba zai busar da kyau ba. Agogon zafin da ke jikin murfi kuma zafin saman murfi yake faɗa. Ku sayi ƙaramin ma'aunin oben ku ajiye kusa da tiren.

A sa, a rufe, a ƙyale shi. Duk buɗewa zafin sama ne ke gudu, na ƙasa yana nan, wato kuna ƙara tazarar da ke ƙona piza. Bayan minti 8 a buɗe sau ɗaya, da safar hannu mai kauri, a juya tiren gaba ya koma baya, a rufe da sauri. Daga minti 15 a fara dubawa. Alamar nuna ita ce gefen cuku ya yi ja mai duhu yana tsuwa, tsakiya na tafasa. A sa siririyar wuƙa a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa ƙasan. Idan fari ne, a ja tiren kan wuta kai tsaye minti 1 ko 2, ana tsaye a kai. Idan ƙasan ya yi amma sama da saura, a ƙara masa wani tire a ƙasa, a rufe, a ba shi minti 3. Ranar iska ko sanyi, a ƙara lokaci da gawayi.

Da an sauke, a bi gefen da wuƙa tun cukun yana da laushi, a zare pizar a ɗora kan raga. Idan ta huce a cikin tire, tururi zai jiƙa ƙasan, cukun kuma ya kama ƙarfen ya ƙi fita. Minti 5 sai a yanka gida shida ko takwas. Tiren ƙarfe ba a jiƙa shi ya kwana, yana tsatsa. A goge, a busar, a shafa masa ɗan mai.

Gawayin da ya rage a rufe duk ƙofofin iska ya mutu a ciki. Toka tana iya riƙe wuta har kwana 2, don haka sai bayan nan a kwashe ta a bokitin ƙarfe, ba a leda ba, ba kuma a babban kwandon sharar da duk masu haya ke zubawa ba.