Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Nazarin Littafin Almara na Yara

Babban kuskuren mai nazari shi ne ya karanta littafin da idon babba, ya yanke hukunci bisa abin da ya burge shi, alhali ba dominsa aka rubuta ba. A 1936, mawallafi Stanley Unwin ya miƙa wa ɗansa Rayner, mai shekara 10, rubutun littafin The Hobbit na marubuci Tolkien, ya biya shi sule guda ya rubuta ra'ayinsa, littafin kuma ya fito a 1937. Dabarar tana nan da amfaninta: a karanta wa yaro babi biyu na farko, a lura da inda ya fara mutsu-mutsu da inda ya ce, "Sai kuma me ya faru?"

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi ɓarna, shi ne yafe wa marubuci kowace irin kwamacala da sunan cewa ai almara ce. Duniyar ƙirƙira tana da ƙa'idojinta. Idan an faɗa a babi na 3 cewa takalmin tsafi ba ya tashi sama sai da dare, sannan a babi na 12 ya tashi da rana tsaka don kawai jaruma ta kuɓuta, to marubuci ya karya alkawari, kuma yara, waɗanda ba sa mantuwa da irin wannan, su ne za su fara kama shi. Ya kamata mai nazari ya rubuta ƙa'idojin a gefe tun daga farko, ya bi su har ƙarshe, ya kuma duba ko sihirin yana da farashi, domin sihirin da ba ya cin komai yakan kashe fargabar da ke riƙe mai karatu. A nan ne kuma ake tambaya: wa ya warware matsalar? Idan wani dattijo ne ya faɗo daga sama ya ceci kowa, an ƙwace wa yaron da yake jarumi labarinsa.

Wasu kuma darasi suke fara nema, har su yaba wa littafi marar armashi saboda yana wa'azi. Darasin da ke cikin zaɓin da jarumi ya yi shi ne abin auna, ba wanda aka liƙa a shafin ƙarshe ba.

Kada a ce "ya dace da yara" a yi shiru, domin abin tsoron da ɗan shekara 11 zai ji daɗinsa yana iya hana ɗan shekara 7 barci. A faɗi shekarun, a ambaci wuraren mutuwa ko firgici ba tare da tona yadda labarin ya ƙare ba.