Kurakuran da aka fi yi idan naman murjani ya fara zaizayewa

Zaizayewar nama a hankali, wadda masu kiwon murjani mai rai a akwatin gilashi na ruwan gishiri ke kira STN, daga gindi take farawa. Farin layi ya bayyana a ƙasan reshe, ya yi ta hawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ko makonni, ƙashi tsirara a bayansa. Ta fi kama murjani masu ƙananan baki, wato ƙananan kofofin da suke cin abinci da su, irin Acropora, Seriatopora da Stylophora. Kada a haɗa ta da koɗewar launi: murjanin da ya koɗe namansa na nan, bakunansa na buɗewa, shi kuwa ƙashin da nama ya bari cikin kwanaki kaɗan gansakuka za ta hau shi.

Kuskure na farko gaggawa ce. Mutum ya ga farin layi, rana ɗaya ya sauya rabin ruwa, ya rage haske, ya zuba magani iri uku. Alhali yawanci rashin daidaiton ruwa ne ya jawo ciwon, sai ga shi an ƙara girgiza shi. A fara da awo: zafi digiri 25 zuwa 26, gishiri 35 cikin dubu, alkali (ƙarfin ruwa na kashe tsami, ana auna shi da ma'aunin dKH) 7 zuwa 9 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam 1250 zuwa 1350 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan. Alkali a auna shi kullum a lokaci guda har mako, domin hawa da saukarsa ya fi lambar kanta muhimmanci. In ya yi ƙasa, giram 3 na bikarbonat (bakin soda) a lita 100 na ɗaga shi kusan 1 dKH. A narka shi a tataccen ruwa, a raba shi kwana biyu. Kanwa ba ta maye gurbinsa, don cike take da ƙasa da gishirin da ba a san adadinsa ba.

A Maradi babban abin lura zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a waje, ruwan akwatin ya bi na ɗaki, kuma da ya haura 29 murjani ya shiga wahala. Wasu kan jefa ƙanƙara kai tsaye, wanda ke tsinka gishiri ya kuma faɗo da zafi farat ɗaya. Fanka mai hura saman ruwa ta fi, ko gorar roba da aka daskarar a rufe, ɗaya bayan ɗaya ana duba ma'auni. Sai dai fanka na ƙara ƙafewar ruwa, balle lokacin hunturu da iska ke bushe. Akwati mai lita 200 da ya rasa lita 4, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 35.7. Ruwa ne ya tafi, gishiri na nan, saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikowa, kaɗan safe kaɗan yamma. Haka kuma in wuta ta ɗauke, injin motsa ruwa ne farkon abin da za a ɗora kan batir, kafin fitila.

Ruwan famfo, na rijiya da na leda duk ba su dace ba sai sun bi ta matatar RO da DI, masu cire gishiri da ma'adinai daga ruwa, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifiri. A kuma duba ko akwai kan famfo na tagulla ko maganaɗisun da ya tsage yana tsatsa, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani ko ɗan kaɗan ne.

Akwai masu ganin tsabta ita ce naitiret da fosfet, sinadaran da ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi, su koma sifiri. Wannan yunwa ce ga murjani, in kuma alkali na sama sai kawunan rassa su ƙone. A bar naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, duka a ma'aunin ppm.

Jinkirin yanka shi ya fi ban takaici, domin mutum yana tausayin reshe ɗaya sai ya rasa gindin duka. In layin ya ci gaba bayan kwana biyu ko uku, a yanka da filaya mai tsabta cikin lafiyayyen nama, kamar santimita ɗaya sama da farin. Wanda ya yanka daidai kan iyaka ya ɗauko ciwon ya kai sabon wuri. A manna gutsuren kan sabon dutse da gam irin na Super Glue mai kauri, a ajiye inda ruwa ke gudu sosai, haske bai wuce wanda ya saba ba. Inda ba a iya yankawa, a shafe iyakar da gam ɗin har ya ɗan hau lafiyayyen nama. Gindin da rassa suka yi wa inuwa, ruwa ba ya ratsa shi, shi ma yakan zaizaye ko da awo na daidai. A nan gyaran alkiblar inji ne magani.

Wankan aidin ko na maganin ƙwari a kwano daban ake yi, da ruwan akwatin, bisa adadin da ke jikin kwalba, sannan a ɗauraye a kwano na biyu. Kafin nan a duba gindi da tocila da dare. Ƙananan tabo zagayayyu a jikin Acropora alamar shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce mai cin nama, ƙwanta kuma a manne suke kan mataccen ƙashi. Wanka ba ya kashe ƙwai. A kankare su ko a yanke wurin, a maimaita wankan kowane mako har mako shida a akwatin keɓewa.