Yadda Ake Gane Matakin Gilashi Mai Jure Gobara Kafin A Saya

Mai shago zai iya rantse maka cewa gilashinsa "ba ya jin wuta", amma baki ba shaida ba ne. Shaidar tana jikin gilashin.

Da farko, duba kusurwarsa. Na gaskiya yana ɗauke da tambarin da ba ya gogewa: sunan kamfani, sunan samfurin, sai haruffa da lamba irin su EI 30 ko E 60. Idan takarda ce kawai aka manna, wadda farce zai ɓare, ka bar shi.

Na biyu, karanta haruffan, domin a nan ake yin asara. A ƙa'idar Turai, EN 13501-2, mataki uku ne. E yana nufin gilashin zai tare harshen wuta da iska mai zafi, amma zafin kansa yana ratsawa, har labule ko takardun da ke ɗaya gefen su iya kamawa. Gilashi mai waya a ciki yawanci nan ya tsaya. EW yana rage wannan hucin, kada ya wuce kilowat 15 a kowace murabba'in mita idan an auna daga tazarar mita 1. EI shi ne babba: zafin fuskar da ba ta kallon wuta ba zai ƙaru da fiye da digiri 140 a matsakaici ba, ko 180 a kowane gurbi guda. Irinsa, kamar Pyrostop na Pilkington ko Contraflam na Vetrotech, yana da wani sinadari a tsakanin fallayensa wanda ke kumbura idan ya ji wuta, ya zama farin kumfa mai tauri. Shi ya sa yake da kauri da nauyi, ga tsada. A ganina, matakalar bene da hanyar da jama'a za su bi su tsere ba wurin tsumulmula ba ne, EI ya kamata a sa.

Lambar kuwa mintunan da gilashin ya jure wuta a gwaji ce: 30, 60, 90, 120. A tanderun gwaji zafi yakan kai kusan digiri 840 a minti 30, ya haura 940 a awa guda.

Na uku, gano ƙa'idar wace ƙasa aka bi. Kayan Sin suna bin GB 15763.1, inda A ke nufin mai tare zafi, C kuma mai tare harshen wuta kawai. A Amurka za ka ga W (na bango), D (na ƙofa) ko OH (na taga), kuma H alama ce ta cewa an fesa masa ruwan mesa da ƙarfi yana da zafi bai tarwatse ba.

Na huɗu, nemi rahoton gwajin. Ba gilashi kaɗai ake gwadawa ba, har da firam ɗinsa da abin da aka toshe gefensa da shi, a kan wani girma takamaimai. Idan ka ɗauki EI 60 ka ba mai alminiyon na bakin titi ya sa a firam ɗin taga na yau da kullum, matakin ya tashi aiki, don alminiyon yana narkewa a digiri 660.

A ƙarshe, ba da awo daidai tun wajen oda, domin yawancinsu ba a yanka su a wurin gini. Ka gargaɗi ma'aikata kada su ɓare tef ɗin da ke gefen mai fallaye, shi ke hana danshi shiga. Su kuma kafa shi yadda tambarin zai fito fili, saboda ranar da jami'an kashe gobara za su zo dubawa.